Ranar da Inna Ta Nemi Ƙarshen Fim

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifiyata ta kira sunana ba. Da aka yaye ni, Gwaggo, yayar mahaifina, ta zo ta goya ni ta tafi da ni Bungudu. Can na girma, daga can aka kai ni ɗakin miji a Gusau, inda nake koyarwa a wata firamare. Inna kuwa tana ƙauyenmu, can bayan Tsafe, ta wajen Kucheri, sai an saki kwalta an nausa. In na je ganin gida, takan amsa gaisuwata tana kallon murhu. In tana so a ba ni abinci sai ta ce wa ƙanwata, "Kai ma waccan." In magana ta kama dole sai an ambace ni, to ni ce "ta Gusau". Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma ni mace ce mai saurin fushi da kaifin baki, kuma na daɗe ina ganin wannan kunyar ta cuce ni.

Fim ne ya fara haɗa mu hira. Bayan rasuwar Baba, Inna ta shiga takaba, sai ƙanwata, autarmu, ta dawo gida da goyonta don ta zauna da ita, tunda mijinta yana Kudu wajen nema. Tana da waya mai babban gilashi da ya aiko mata. Na je shagon masu turi a kasuwar Gusau, masu zuba wa mutane fina-finai da waƙoƙi a memori, na ce a cika mini guda da karatun Alƙur'ani da wa'azi, mai takaba ta riƙa saurare. Mai shagon ya ga akwai sauran wuri, ya ce bari ya yi mini gyara, ya ƙara 'yan kashin farko na wani shiri mai dogon zango da ake yayi a lokacin. Na ma manta da su na ba direba ya kai Tsafe.

Auta ce ta ba ni labarin yadda aka yi. Ta kunna da yamma a tsakar gida, Inna ta ce a kashe wannan shirmen, gida ko makoki ba a gama ba. Auta ta rage murya ta ci gaba da kallonta. Inna ta juya baya tana ɓarar gyaɗa. Kwana biyu ana haka, rannan caji ya ƙare ana tsakiyar kallo, wayar ta mutu. Inna ba ta ɗago kai ba, ta ce, "To, shi direban, an sake shi?"

In za a faɗi gaskiya, labarin ba wani abin a zo a gani ba ne. Wani attajiri ne mai fataucin hatsi, motarsa guda ta ɓace da kaya, aka ɗora wa direbansa, aka ɗaure shi. Alhali ƙanin attajirin ne ya karkatar da ita. Mutum ɗaya ce ta san gaskiya, wata tsohuwa mai dafa abinci a gidan, don ta ji ƙanin yana kitsa abin. Ita ce kuma ta goyi wannan ƙanin tun yana jariri. Sai ta yi gum. Mako ya bi mako, direba yana kurkuku, matarsa tana wankau a gidajen mutane, tsohuwa tana tuƙa tuwo tana share hawaye da gefen zane, ba ta ce uffan ba. Ni kuwa duk fitowar da ta yi sai in ji kamar in shiga cikin wayar in girgiza ta.

Daga nan abin ya zama mana al'ada. Duk mako in sabon kashi ya fito, in kai memori a zuba, in naɗe shi a takarda in ba wani direba mai zuwa Tsafe. Ya ajiye wajen wani mai shago ɗan ƙauyenmu, ranar kasuwa wani ya karɓa ya kai gida. Saboda haka kullum ina gaba da su da mako guda, wani lokaci biyu. In sun kalla, sai Auta ta hau wani tudu da ke bayan makarantar ƙauyen, wanda shi kaɗai ne wurin da waya ke kama sabis, ta kira ni. Inna ba ta taɓa cewa za ta wurin waya ba. Ita dai ciyawar awaki take fitowa yanka, sai dai ciyawar kullum a gindin tudun nan ta fi kyau.

Auta takan buɗe muryar wayar, mu gaisa, in fara zuba. In ce tsohuwar nan muguwa ce, shirunta ya fi satar ƙanin muni. Sai in ji lauje ya tsaya.

"Ce ma ta Gusau, mi tas sani? Baki shi ka yanka wuya."

"Auta, ce mata wuyan direba hwa? Shi ba wuya na ba?"

"Ce mata ba ta taɓa goyon ɗan wani ba, shi as sa."

Auta tana tsakiya, ba ta ma wahalar maimaitawa, don kowa na jin kowa. Dariya kawai take yi tana jijjiga goyonta. Haka muka yi ta yi, ni da uwata, magana mafi tsawo da muka taɓa yi a duniya, kuma duk a kan wata tsohuwa da ba a taɓa haifa ba. In na kashe waya nakan daɗe ina murmushi ni kaɗai, har maigidana ya ce ko an yi mini albishir da kujerar Makka ne.

Ba tsohuwar kaɗai muke yi wa shari'a ba. Inna ba ta yarda da matar direban ba, wai mai wankau ba ta da irin wannan lallen. Ta ce attajirin sakarai ne, mutumin da bai san ƙaninsa ba ina zai san awon hatsi. Na taɓa aika musu fassarar wani fim ɗin Indiya, ta kalli rabi ta ce a tambaye ni, mutanen nan da ke rawa a gona, wa ke yi musu noma? Ni kuma na ce ai ta fi kowa kallon rawar, Auta ta faɗa mini. Ta ce Auta maƙaryaciya ce tun tana ƙarama.

Doka ɗaya ce Inna ta kafa, kuma ba ta wasa da ita: kada wanda ya kuskura ya faɗa mata abin da zai faru a gaba. Na taɓa suɓutar baki na ce ƙanin zai yi aure, ta yi mako biyu ba ta fito yankan ciyawa ba. Da ta huce ta ce a gaya mini gani ya kori ji, ita da idonta za ta gani. A wannan fannin babbar abokiyar gabarta Gwaggo ce. Gwaggo tana da talabijin da sola a Bungudu, tana kallon shirin ranar da aka saka shi, kuma cikinta ba ya riƙe labari. Ko gaisuwar mutuwa ta je, kafin a shafa fatiha ta faɗa wa mutane wanda aka kama. In an ce ga Gwaggo a waya, Inna takan gaishe ta da ladabi, "Yaya, ina kwana," ta miƙa wa Auta wayar da sauri ta toshe kunne.

Akwai dalilin da ya sa muka riƙe zancen fim da hannu biyu. Mutanen daji, 'yan bindiga, sun matso. Da can labarinsu muke ji daga nesa, sai ya zama ƙauyen da ake zuwa ɗaurin aure ne aka shiga, sai ya zama gonar wane ce aka ɗauki mutum. A kan tudun nan ba a ambatonsu, don ba ka san kunnen wa ke bayan kara ba, kuma ana cewa suna da masu kai musu rahoto a ko'ina. Ba na iya tambaya, su ma ba sa iya faɗa. Sai in saki bakina a kan tsohuwar fim, kunnena kuwa yana can bayan muryoyinsu. In na ji kukan awaki da sautin daka, sai hankalina ya ɗan kwanta. In na ji ƙarar babur, sai maganar ta tsinke a bakina har sai ya wuce. Ranar da kiran ya yi jinkiri ba na iya cin abinci, in yi ta duba waya ina yi wa yaran aji tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Na yi ta roƙo ta taso. Maigidana ya sa aka share ɗakin da ke kusa da zaure, aka yi masa sabon daɓe. Duk kiran da aka yi sai na saƙa zancen a ƙarshe, a kaikaice, yadda kunnen bayan kara ba zai gane ba: Auta, ce mata ɗaki na nan, ce mata ta zo ta ga jikokinta, ce mata akwai asibitin ido a Gusau. Amsar ba ta canzawa. "Ce mata kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gero na gona." Ni kuma in hasala in ce geron ya fi rai ne, Auta ta ce mini in yi a hankali. Sai Inna ta ce a tambaye ni ko an sa ranar shari'ar direba, mu koma inda muka fi wayo.

Da kaka ta kusa, gero ya sunkuyar da kai, aka saka kashin ƙarshe na shirin. Na kalla, na kai aka zuba, na kai wa direba. Washegarin kasuwa ya dawo mini da ƙunshin takardata. Ya ce mai shagon ya ce ba wanda ya zo kasuwa daga ƙauyenmu. Na jefa memorin a jaka, na yi ta kiran Auta, ba ya shiga.

Rannan da hantsi ina rubutu a allo, wayar ta yi ƙara a jaka. Lambar Auta ce. Na bar alli a ƙasa na fita gindin darbejiyar da ke bakin aji.

"Auta, lahiya? Kwana nawa ina nemanku!"

Shiru, sai iska. Sannan aka kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, ba a gutsure shi ba.

Muryar Inna ce. Ban taɓa sanin yadda yake a bakinta ba. Ta ɗan ja ƙarshensa, irin yadda Baba yake yi. Na zauna a kan saiwar bishiyar. Shekara da shekaru ina jiran in ji wannan, har kuka na sha yi a kansa ina yarinya, amma da ya zo ko ɗigon daɗi ban ji ba. Tsoro ne ya rufe ni. Mace irin Inna ba ta ajiye kunyar ɗan fari don marmari.

"Na'am, Inna. Ina Auta?"

"Ta tahi Tsahe da sassahe, ita da 'yan mata da masu goyo. Ta bar min wayar, tac ce in danna kore sau biyu."

"Sun aiko?"

"Sun aiko."

Ban buƙaci ƙarin bayani ba. Kowa ya san irin aiken: kada a sa lauje a gona sai an kai musu abin da suka yanka wa gari, in kuwa ba a kai ba za su zo da kansu. Ƙauyenmu ba shi da abin kaiwa.

"To ke hwa, Inna? Mi kika jira?"

"Ni tsohuwa, mi za su yi da ni? Wa za ya ba awaki ruwa?"

Na buɗe baki zan fara faɗa, ta katse ni. Ta ce in saurara, cajin ba shi da yawa. Muryarta a kwance take, kamar mai ba da sallahu.

"Wagga tsohuwa ta fim, na yi ta tunaninta. Kin hi ni gaskiya. Da ta yi magana tun da wuri. An ce an gama shi. Hwaɗa min yadda anka ƙare. An saki yaron?"

Wannan ta fi kiran sunan tayar mini da hankali. Matar da ta yi mako biyu tana fushi don na ce wani zai yi aure, yau ita ce ke neman ƙarshen labari a baki. Na gane ba ta sa ran gani da idonta. Memorin yana cikin jakata, amsar tana kan harshena, kalma uku ce ko huɗu. Na san kuma in na faɗa, za ta ce to madalla, ta sauka daga tudun ta koma wajen awakinta ta zauna jiran abin da zai zo.

Na ce, "Ba ni hwaɗi."

"Mi kinka ce?"

"Ba ni hwaɗi, Inna. Ke kinka ce gani ya kori ji. Ki taho ki gani."

Na ji numfashinta. Ta ce, "Kai, wagga ɗiya da taurin kai." Sai layin ya yanke. Na sake kira, na sake, na sake, wayar a kashe.

Ban san yadda na nemi izini wajen shugaban makaranta ba. Na dai tsinci kaina a motar Bungudu, na matse jaka a ƙirji. Tafiyar ba ta da nisa, amma a ranar na ga tsawonta. Abu ɗaya ke yawo a kaina: tun da aka haife ni matar nan ba ta taɓa roƙona komai ba, ko ruwan sha, yau ta roƙi abu ɗaya na hana ta. In wani abu ya same ta, maganar ƙarshe da ta ji daga bakina ke nan. Wata mata da ke kusa da ni ta ga ina hawaye, ta ce Allah ya jiƙan rai, na daka mata harara na ce ba wanda ya mutu.

Na tarar da Gwaggo a tsakar gida ta miƙe ƙafa a tabarma tana tsince wake. Ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, amma bakinta lafiya lau. Ta saurare ni har na gama. Da na zo wurin kiran suna, ta ajiye faifan.

"Duk wanga roƙo da kika yi mata, gidan wa kinka ce ta taho?"

"Gidana mana, Gwaggo. Har ɗaki anka gyara."

"Ke dai anka yi wawuya. Ni na rene ki, ban san inda kinka baro hankali ba. Ta taho gidan ɗiyar hwari, ta ci tuwon suruki, ta kama ruwa a bayan gidanai, yana ji yana gani? Uwarki ta gwammace daji. Gero da awaki duk zance na, ba ta da inda za ta sa kanta, shi ke nan."

Watanni ina ganin taurin kai ne da son gona, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni ina ganin gata nake yi mata da sabon daɓe.

Gwaggo ta ce in kira mata Auta ta wayar surukan Autar da ke cikin garin Tsafe. Da aka haɗa su, ta gyara murya ta koma ta marasa lafiya. Ta ce a samu wanda zai koma ƙauye, a gaya wa Inna yayar mijinta tana kwance, ƙafa ta hana ta tashi, ba mai dama mata fura, ba mai zuba mata ruwan alwala. In ta san haƙƙin wanda ke kabari, ta taho jinya. Auta ta ce akwai wani maƙwabcinmu da zai koma da babur ɗauko tasa uwar, za ta ba shi saƙon.

Na ce, "Gwaggo, ƙarya hwa?"

"Wace ƙarya? Ƙahwar ba ta ciwo?" Nan take ta ture faifan wake ta kwanta.

Kafin a kashe, Auta ta ce, don Allah Gwaggo, yaya aka ƙare da direban? Na ga bakin Gwaggo ya buɗe, labarin ya taho har leɓe. Ta dube ni, ta haɗiye shi da ƙyar kamar mai haɗiyar maɗaci. Ta ce, "Ku taho ku gani." Tun da nake ban taɓa ganin ta yi haka ba.

Washegari a Gusau na tafi tashar da motocin Tsafe ke sauke fasinja. Motoci ba sa tasowa da sassafe, sai rana ta ɗaga an ji labarin hanya, sannan su taho a jere. Duk wadda ta tsaya sai na leƙa ta taga. Auta ta ce mai babur ya tafi, amma bai dawo ba, wayarsa ba ta shiga. Direban da ke kai mini saƙo ya gan ni ya ce, "Malama, yau ba memori?" Wani ya sauko yana cewa an ji harbi ta gabas, wani ya ce ƙarya ne, taya ce ta fashe. Na zauna a bencin mai shayi har la'asar. Wasu samari a gefena suna ta gardama a kan ƙarshen shirin nan, ɗaya na cewa an yi gaggawa, ɗaya na cewa shi dai ya ƙoshi. Da a da ne, da tuni na tsoma baki na raba musu gardama. A ranar ji na yi kamar in kife musu shayin a ka.

Na koma gida ba labari. Na dafa abincin da ban ci ba. Kashegari na sake komawa, na sake zama a bencin, har mai shayin ya daina tambayata abin da zan sha. Ina ta karanta duk addu'ar da na iya, in na kai ƙarshe in rasa ko na karanta daidai, in sake daga farko. Wani lokaci in ce da na faɗa mata ƙarshen, ko ba komai ta samu abin da ta nema. Wani lokaci in ce gara da na hana. Ba wanda zan tambaya ya raba mini wannan.

Bayan azahar wata mota ta shigo, an danne ta da kaya har bisa. Auta ce ta fara fitowa da goyonta. Sannan aka miƙo wani ƙunshi, sannan ƙafar da na sani, ta kumbura, duk kaushi ya tsage. Ashe mai babur tasa uwar ya ɗauka, Inna kuwa da ƙafa ta biyo cikin gonaki ita da wasu tsofaffi har bakin kwalta. Awakin ta bar su hannun wata Bafulatana ƙawarta, wadda ke kawo mana nono tun Auta tana rarrafe, su ma suna ɗaure kayan tashi. Abin da ta fito da shi tufafi ne kala biyu, da carbin Baba, da ɗan irin gero a ƙulle a bakin zane.

Na ruga na durƙusa a gabanta a tsakiyar tasha, ina gaishe ta ina kuka. Ta ɗaga kai tana kallon wani shago da ke bayana, ta ce, "Lahiya lau." Sannan ta juya wajen Auta.

"Tambayi waccan, ina aka shiga motar Bungudu?"

Ban taɓa jin daɗin kalmar "waccan" irin na ranar ba. Na tashi na ɗauki ƙunshin na wuce gaba.

Muka tarar da Gwaggo a kwance tana nishi, an lulluɓe ta har wuya. Inna ta durƙusa ta yi mata sannu, ta wanke hannu ta dama mata fura tun kafin ta sha ruwa. Gwaggo ta sha, ta ce ta ɗan ji dama, sai ga ta ta miƙe da kanta tana neman inda ake soka memori a bayan talabijin. Inna ta ga tafiyar tata sarai, ta kau da kai.

Bayan la'asar muka zauna. Inna ta matsa gaba sosai, ta ɗora hannuwa a cinya. Gwaggo ta cusa gefen mayafi a baki don kada ta yi ɓarna. A fim ɗin, ranar da attajirin ya tara mutane walimar ƙaninsa, tsohuwar ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta tsaya a gaban taro ta faɗi duk abin da ta ji. Ƙanin ya zube yana kuka, aka saki direba, matarsa ta tarye shi a ƙofar kurkuku da lallenta raɗau. Ni ban kalli talabijin ba, ƙeyar Inna nake kallo.

Da rubutun ƙarshen fim ya fara hawa, na gyara zama ina jiran a ba ni gaskiyata a gaban shaidu. Inna ta yi tsaki.

"Ce ma ta Gusau, sun ɓata shi. Ɗan da kinka goya, ba a tona shi gaban taro. Ɗaka za ta kira shi, ta sa shi ya kai kanshi."

Na ce, "Auta, ce mata ita da bakinta tac ce min na hi ta gaskiya."

Gwaggo ta cire mayafi daga baki. Inna ta gyara ɗaurin kallabinta a hankali, ta ce, "Ce mata ban san zancen da taka yi ba."

Geron bara ba a yanke shi ba. Waɗanda suka leƙa ƙauyen daga baya sun ce tsuntsaye da dabbobi sun gama da shi, an ɓalle ƙofar ɗakin Inna, rumbu ba komai. Har yau tana Bungudu tana jinyar Gwaggo, wadda ke zuwa biki da ƙafarta ta dawo ta kwanta. Irin geron yana cikin wata 'yar tukunya an rufe shi da toka, takan fito da shi ta shanya ta mayar. Duk wanda ya zo daga wajen Tsafe sai ta tambaye shi hanya, da labarin Bafulatanar nan, wadda har yanzu ba mu ji inda suka sauka ba.

Mun kama wani sabon shirin. Duk ƙarshen mako nakan je Bungudu mu kalla tare, mu yi ta musu ta bakin duk wanda ke kusa, Auta ko Gwaggo, tana gefen tabarma ina gefe. Ba ta sake kiran sunana ba. Wani lokaci ina kan hanyar komawa Gusau sai in ji ina marmarin in sake jin yadda ta ja ƙarshensa. Sai in tuna abin da ya sa ta kira, in ce Allah ya sa kada in sake ji.